Numfashin da Aka Auna wa Kawu

Mun yi wa Kawu salla a Haramin Makka bayan Azahar, muka kai shi makabartar Shara'i, muka dawo unguwar Rusaifa aka jera kujeru a bakin layi kamar yadda ake yi wa kowa a garin nan. Kwana uku muna tsayuwa a sahu tsakanin Magariba da Isha, mutane suna wucewa suna dafa kafaɗunmu. Bai bar ɗa namiji ba, don haka ni, ɗan ƙanwarsa, aka tsayar a farkon sahun.

Tsofaffin unguwa da Hausa suka yi mana gaisuwa, da muryar da ba ta ɗaguwa: "Allah ya jiƙan maza. Ya ƙarin haƙuri?" Samarinmu da aka haifa jiya, waɗanda Hausarsu ba ta wuce ta kiran abinci ba, da Larabci suka yi tasu, wasu har suka ƙara da cewa daga yau an daina cin sairiya ta gaske a Makka. Sairiya shi ne sunan da Larabawa suka ba tsirenmu, kuma sana'ar Kawu ke nan tun kafin a haife ni. Wani Balarabe maƙwabci, da ya yi ritaya tuntuni, ya riƙe hannuna ya kasa saki, yana cewa tun yana ɗan makaranta yake cin nama daga hannun mamacin. Wani ɗalibi daga Sakkwato, mai karatun hadisi, ya zo bai san shi ba ko a fuska. Malaminsa ne ya aiko shi, domin Kawu ne ya zauna kusa da mahaifin malamin yana laƙanta masa shahada ranar da ya cika.

Ɓangaren mata kuwa maganar daban ce. Matata ta gaya mini abin da ake faɗa a can ƙasa-ƙasa: wai dattijo irin wannan a kai shi dar, gidan kula da tsofaffi, kamar wanda ba shi da kowa. Wai kuma har numfashi aka riƙa auna masa, kuma ɗan ƙanwarsa ne ya tsaya a kai. Ban yi mamaki ba. A sahun maza ma na ga waɗanda suka dafa kafaɗata suna kallon wani wuri.

Ban zauna rubuta wannan don in kare kaina ba. Na zauna ne domin kowa ya tuna naman Kawu, amma ban ji wanda ya ambaci abin da ya ƙare ransa yana nema ba. Abu ɗaya ne: ya mutu idonsa biyu, hankalinsa a jikinsa, kalmar shahada a bakinsa. Idan aka manta da wannan, to an manta da shi.

A nan Makka aka haife shi. Iyayensa daga ƙasar Kano suka taso da ƙafa, suka yi shekaru a Sudan suna aikin gona kafin su ƙetaro teku, kuma da suka yi Hajji ba su koma ba. Bai taɓa ganin Kano ba, amma da Kananci yake magana, kuma idan ka yi masa Larabci a cikin gida sai ya kalle ka ya ce, "Da wa kake? Ni ban ga baƙo ba." Tukubarsa tana bakin wani lungu a Rusaifa. Da la'asar yake hura gawayi, ya jera tsinke, ya tsaya cikin hayaƙi har a tashi kasuwa. Bai taɓa miƙa wa mutum daidai abin da ya saya ba. Ko tsinke ɗaya ka saya sai ya yanka wata 'yar tsoka ya ɗora. Yakan ce wanda ya ba ka daidai ciniki ya yi da kai, shi kuwa mutane yake ciyarwa. Mu duka a kan haka muka tashi. A gidajenmu idan baƙo ya ce ya ƙoshi ƙara masa ake yi, idan mara lafiya ya ce ya isa sai a ce ya daure ya ƙara. Awo a wurinmu rowa ce.

Ina ɗan sakandare nakan taya shi aiki. Ranar da aka ɗauke ni a jami'a na zo da yamma kamar kullum na ɗauki mafici, sai ya karɓe daga hannuna.

"Daga yau kada in ƙara ganinka a bayan tukubar nan."

Na ce, "Kawu, laifin me na yi?"

"Hayaƙin nan ƙirjin mutum ɗaya ya ishe shi a gidanmu. Je ka zauna can inda masu saye suke zama."

Na yi fushi a lokacin, domin na ɗauka kora ce. Tun a wancan zamanin yana tari, tari mai zurfi da yake sa shi dafa bango.

Akwai wani aikin nasa da ba na kuɗi ba. Idan wani a cikin jama'armu ya kai gargara, Kawu ake kira. Ba malami ba ne, karatunsa bai wuce na salla ba, amma ya iya zama kusa da mai mutuwa. Sai ya bar wuta a hannun wani, ya wanke hannu, ya canza riga, ya tafi. Ya kori masu kuka daga ɗakin, ya kai bakinsa kusa da kunnen mutum, ya laƙanta masa kalmar shahada a hankali. Ba ya cewa "faɗi". Yakan ce mai mutuwa a gajiye yake, idan ka matsa masa zai iya ƙosawa, kai dai ka faɗa yana ji, idan ya amsa sau ɗaya ka yi shiru. Ya koya wa 'yarsa tilo wannan, wadda nake kira Yaya domin ta girme ni, don ita ma ta riƙa yi wa mata.

Sau ɗaya na tambaye shi abin da ya sa yake wannan wahala. Ya ce mahaifinsa zazzaɓi ne ya tafi da shi, kwana da kwanaki bai san inda yake ba, shi kuma yana yaro yana ta faɗa masa kalmar a kunne, ba amsa. "Allah mai rahama ne, na sani," in ji shi. "Amma mutumin da ya tako daga Kano da ƙafa, ya zo bakin ƙofa yana barci. Ni ba na son haka."

Da huhunsa ya gaza, sai ya zama ba ya iya rabuwa da oksijin dare da rana. Yaya mijinta ya rasu, tana zaune a saman bene ba lifta, ga ciwon baya. Ni na ce ya dawo wurina a unguwar Zahir, ya ƙi. Ya ce ba zai mayar da matar wani mai jinya ba. Shi da kansa ya zaɓi dar. Wannan ma ba a faɗa ba a wurin zaman makoki.

Ɗakinsa mai gado biyu ne, taga tana kallon wani dutse baƙi. A bango saman kansa akwai siririn gilashi mai layuka, da ɗan ƙwallo a ciki, da abin murzawa a gefe. Idan aka murza sai ƙwallon ya tashi, iskar ta ƙaru, ta bi ta robar da take hancinsa. Likita ya rubuta lita biyu, ya kuma tara mu ya yi mana bayani. Ya ce huhun Kawu ba ya iya fitar da gurɓatacciyar iska yadda ya kamata. Idan aka ba shi oksijin fiye da abin da aka rubuta, wannan gurɓatacciyar iskar ce za ta taru a jininsa, ya fara gyangyaɗi, hankalinsa ya gushe, ya shiga barcin da mai yiwuwa ba zai tashi ba. Ya ce kada kowa ya taɓa, idan mun ga yana wahala mu kira nas ta auna shi, ita ta kira likita. Mun gyaɗa kai dukanmu. Yanzu na san ba wanda ya gaskata a zuciyarsa cewa iska mai kyau tana iya yi wa mutum yawa.

Ranar Juma'a ake cika ɗakin. Bayan an sauko daga masallaci sai dangi da abokan arziki su zo dubiya da dabino da ruwan Zamzam da kunun da ba zai iya sha ba. Wata Juma'a Yaya ta zo har da kaskon turaren wuta a jaka, aka tsayar da ita a ƙofa aka ce garwashi da oksijin ba sa haɗuwa. Ta shigo ranta a ɓace, ta tarar da mahaifinta yana jan numfashi da ƙyar saboda yawan amsa gaisuwa. Ta dubi ƙwallon nan a can ƙasa, ta miƙa hannu ta murza. Daga baya aka gane cewa bayan fitarta amininsa, tsohon da ya yi shekaru yana kawo masa gawayi, shi ma ya ƙara, bai san an riga an ƙara ba. Kowannensu ya tafi gida yana ganin ya yi alheri. Kawu ya yi shiru, ya lumshe ido, masu dubiya suka ce alhamdulillahi ya samu sauƙi, suka fita a hankali don kada su tashe shi.

Nas ce ta zo zagaye ta kasa tashinsa. Aka ɗauke shi zuwa asibiti, aka ɗaura masa wata na'ura a fuska mai tura numfashi da ƙarfi. Sai a rana ta biyu ya buɗe ido, kuma ya daɗe yana kallona bai san ko wane ne ba. Da hankalinsa ya dawo, abin da ya fara tambaya shi ne wace rana ce. Na gaya masa. Ya ƙirga sallolin da suka wuce shi a yatsunsa, ya juya fuska bango.

Da aka mayar da shi dar ya sa aka kira Yaya. Ban taɓa ganin ya yi mata faɗa ba sai ranar. Magana tana fita gutsi-gutsi, yana hutawa a tsakani.

"Da na tafi a haka fa?"

Ta ce, "Baba, kana shan wahala ne. Idona ba zai iya gani ba."

"To ki rufe idon. Mata nawa kika zauna a kansu? Kin taɓa ba wata abin barci don ki huta da kallonta?"

Ta fashe da kuka. Ta ce ita ba ta san za a yi haka ba, ta ga abu ne mai kyau aka ba shi kaɗan. Ya ce ya sani, shi ya koya mata cewa awo rowa ce, kuma shi ya sa ba zai ƙara yarda da hannunta kusa da bangon ba. Sannan ya juyo kaina.

"Kai, ɗan jami'a. Kai zan ba wannan aikin."

Na ce, "Kawu, ai akwai ma'aikata."

"Ma'aikata ba sa iya hana gwaggonninka. Kai ka iya cewa a'a ba kunya, na lura da kai. Karatun nan naku ko ba komai ya yi wannan amfanin." Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Da ya lafa ya kama hannuna. "Abin da likita ya rubuta, shi ke nan. Ko ni na roƙe ka, kada ka ƙara. Wanda zai roƙe ka ranar ba ni ba ne, ƙirjina ne."

Na amsa masa. A lokacin na ɗauka abu ne mai sauƙi.

Daga nan na zama mai gadin bango. Duk Juma'a nakan riga kowa zuwa, in ja kujera in zauna a ƙarƙashin gilashin. Na rage yawan masu shiga. Na hana a riƙa cire masa robar don a shafa masa Zamzam a fuska a bar ta a rataye ana hira. Tsohon mai gawayi bai taɓa yafe mini ba, ko da yake ya san abin da hannunsa ya jawo.

"Ɗana, a Makka muke," ya ce da ni wata rana a gaban kowa. "Garin da ba a auna wa kowa Zamzam. A nan za a auna wa bawan Allah iska kamar mai a gidan mai?"

Na ce, "Baba, umarnin likita ne."

"Likitan ya taɓa cin tsinke ɗaya a hannunsa?"

Kawu ya buɗe ido ya ce, "Bar shi, tsoho. Kai ka kusa kai ni lahira ban yi sallama ba. Gawayinka ma kullum da ƙasa a ciki."

Aka yi dariya, har da tsohon. Amma da zai fita bai ba ni hannu ba.

Watannin da suka biyo baya ba su da daɗin tunawa. Ya rame har zoben azurfarsa ya daina zama a yatsa. Yana salla a zaune, daga baya a kishingiɗe. Idan numfashi ya tsananta nas takan maƙala masa ɗan abin awo a yatsa, ta ɗaga masa kan gado, ta kunna fanka a fuskarsa. Sau biyu likita ya zo ya canza umarnin da kansa na ɗan lokaci, ya tsaya yana lura, sannan ya mayar. Ya kuma rubuta wani magani kaɗan mai rage jin shaƙewa. Kawu bai karɓa ba sai da ya sa na tambaya, na sake tambaya, ko zai sa shi barci. Duk wanda ya kawo masa labarin mutuwar wani, tambayarsa ɗaya ce: "Ya samu ya faɗa?"

Ni kuma nakan koma gida in kasa cin abinci. Ina koyar da yara a makaranta, na saba da doka, na saba da hana abin da ake so. Amma nakan tambayi kaina ko amana nake riƙewa, ko kuwa na samu inda zan ɓuya ne a bayan rubutun likita don kada in ji abin da Yaya take ji. Har yau ban gama amsa wannan ba.

Ranar ƙarshe bayan La'asar ce. Aka kira ni daga dar, na tarar Yaya ta riga ni. Yana zaune a gado an tokare shi da matasai, kafaɗunsa suna hawa suna sauka, gumi ya jiƙa rigarsa. Likita ya riga ya duba shi. Ya ja mu gefe ya ce huhun ya kai ƙarshe, kuma Kawu ya riga ya ce ba ya son a sake mayar da shi kan na'urar asibiti. Ya ce awon jininsa yana inda ake so, ƙarin oksijin ba zai cire masa wannan shaƙewar ba, abin da zai yi kawai shi ne ya kwantar da shi barci. Ya ba shi maganinsa, ya ce yana nan kusa.

Muka zauna. Can sai Kawu ya ɗaga hannu ya nuna bango. Ya dube ni, idonsa a buɗe tar, ya ce, "Ƙara."

Na yi kamar ban ji ba. Ya sake faɗa, har da sunan da yake kirana da shi tun ina yaro.

Yaya ta miƙe. "Ka ji shi. Da bakinsa ya faɗa."

Na tashi na tsaya tsakaninta da bangon. Na danna ƙararrawar kiran nas.

"Matsa, ƙanena."

"Yaya, ya hana ni."

"Wancan da ne. Yanzu ga shi yana roƙonka. Ubana ne, ba naka ba."

Ban matsa ba. Ta bugi ƙirjina da tafin hannu, ba da ƙarfi ba. Nas ta shigo ta auna shi, ta gyara masa zama, ta matso da fanka, ta ce za ta kira likita. Duk wannan lokacin Kawu yana kallona. Na yi shekara hamsin a duniya, ban taɓa ganin kallo irin wannan ba, kuma ban san ko na tuhuma ne ko na wani abu ba. Na ce masa, "Kawu, kai ka ce." Ban san ko ya ji ba.

Sannan numfashin ya canza, ya fara yin nisa tsakani. Yaya ta gane kafin ni, domin ta sha gani. Ta share fuskarta da gefen mayafi, ta daina kuka kamar an yanke, ta hau bakin gadon, ta kai bakinta kunnensa. Ta faɗi kalmar a hankali, ba ta ce masa "faɗi" ba. Ta jira. Ta sake faɗa. Sannan ta juyar da kanta ta sa kunnenta a bakinsa. Daga inda nake tsaye bayanta kawai nake gani, da hannunsa a kan bargo, ɗan yatsansa yana motsi. Ban ji komai ba sai ƙarar fanka. Kalmar ƙarshe da ni na ji daga bakin Kawu ita ce wadda na ƙi amsawa.

Likita ya shigo ya tabbatar, nas ta murza abin ta rufe, ƙwallon ya sauka.

Yaya ba ta yi mini magana ba a ranar, ba ta yi ba a kwanakin makoki. Ni kuma na kasa tambayarta, domin ita kaɗai ta san ko abin da na tsaya a kai ya samu, ko kuwa na bar shi ya sha wuya a banza. Sai da aka kwashe kujeru aka yi kusan mako biyu na hau benenta. Ta buɗe, ta koma ta zauna, ba ta kawo mini ko ruwa ba. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Na dubi darduma, na tambaye ta.

"Yaya, ya faɗa?"



"Ya faɗa," ta ce. "Sai da ya huta a tsakiya, na ɗauka ba zai kai ba. Ya kai."

Na sunkuyar da kai. Ta bar ni na gama kukana.

"Na gaya maka ne don haƙƙinka ne ka sani," ta ce. "Da na murza, da bai faɗa ba, wannan na sani. Amma ina rufe ido ina ganin hannunsa yana nuna bangon nan, kai kana tsaye. Kada ka zo mini gida tukuna. Idan na iya ganinka zan aiko."

Na sauko. Har yanzu ba ta aiko ba.

Allah, ga bawanka ya zo maka a farke kamar yadda ya roƙa. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haɗa shi da iyayensa da suka tako zuwa ɗakinka, ka sanyaya zuciyar 'yarsa. Mu da muka rage, idan tamu ta zo, ka ba mu ikon faɗa.